Duwatsun Yaya

Ɗaki mafi kyau a gidan shi ne na bakin titi, mai ƙofa biyu da babbar taga, kuma duwatsu ne suke kwana a cikinsa. Auta kuwa, wadda take mutum mai jini da numfashi, a lungun shiga aka yar da ita da kekunan ɗinkinta biyu, inda duk mai wucewa sai ya goge ta da kafaɗa. In an yi ruwa feshi ya iso har teburin yanka, in an yi rana kwanon rufi ya gasa mata ƙeya. Matan da ke kawo ɗinki a tsaye ake gwada su, 'yan layi na wucewa suna leƙe.

Mai duwatsun yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ta shekaru masu yawa. A ofishin binciken ƙasa ya yi aikinsa, cikin waɗanda ke shiga daji da injin haƙa su kafa tanti wata da watanni. Injin yana da bututu mai haƙora a baki. Yana nutsewa cikin ƙasa yana yanko dutse dogo, mulmulalle, kaurin gwangwanin madara, sai a zaro shi gunduwa-gunduwa a jera a akwatin katako mai layi-layi, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe. Ramin da ya fi kowane zurfi a kwarin nan Yaya ne ya tsaya a kansa. Da aka rufe ofishin aka ce a zubar da akwatunan, sai ya yi hayar mota ya kwaso su kaf, ya sa aka yi masa kantocin ƙarfe, ya cika ɗakin ubansu da su tun daga ƙasa har rufi.

A wannan ɗakin Baba ya ƙarasa kwanakinsa, kuma Auta ce ta yi jinyarsa ita kaɗai, ga takabar mijinta ba ta daɗe da fita ba. Ciwon mantuwa ne ya kama tsohon. Ya fita sayen sabulu sai a tsince shi a wata unguwa yana tambayar hanyar gidan da ya gina da hannunsa. Ya ajiye hularsa a tukunya, ya neme ta har ya zauna yana kuka, sai Auta ta ce, "Ni ce na ɗauke ta, Baba, yi haƙuri, laifina ne," don kawai ya yi shiru. Duk tsawon jinyar sau ɗaya Yaya ya zo. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya tambayi Auta ko mai gyaran famfo ne. Washegari Yaya ya koma dajinsa, bai sake takowa ba sai da aka rufe tsohon. Auta ba ta yafe masa ba, ba ta ma taɓa gwadawa ba.

Labarin duwatsun kuwa ta ji shi har ya fita mata ta hanci, domin ko mai karanta mitar wuta ya yi kuskuren tsayawa a ƙofar, sai Yaya ya karanta masa. Can ƙasa akwai dutsen asali, mai ƙyalli, wanda ya girmi komai. A kansa jan dutse, na zamanin da kwarin nan rairayi ne zalla, ko tsinke babu. Daga nan teku ta shigo ta rufe wurin, ta bar farin dutse cike da katantanwa da haƙoran kifi. Da ta janye sai fadama, ta bar baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, da shatin ganye a ciki. Sai wani siririn layi na toka, daga wani tsauni da ya yi aman wuta ya mutu tun ba a san mutum ba. Sai yashin kogi da ya daskare ya zama dutse ruwan ƙasa. "Sannan mu," in ji Yaya, "mu da gidajenmu da surutunmu, ko kaurin fentin akwatin nan ba mu kai ba." In ya faɗi haka lungun Auta yake kallo.

Kuma lasar su yake yi. Ya ɗauki dutse ya shafa masa harshe don zanensa ya fito, ko ya ɓanto ɗan guntu ya tauna: in ya yi ƙaras-ƙaras a haƙori yashi ne, in ya narke sumul laka ce. Tun da yanar ido ta fara rufe masa gani, harshen da yatsu suka zama idanunsa. Auta takan ce wa masu kawo ɗinki, da ƙarfi yadda zai ji, "Kada ku tsorata, akuyarmu ce ke neman gishiri."

Ranar da abin ya kai mata iya wuya, ruwa aka sheƙa tun hantsi. Kwanon lungun ya yi tsatsa, ya ɗigo jan ruwa a kan farin yadi mai tsada da wata mata ta kawo, ta riga ta yanka shi. Matar ta zo ta gani, ta wanke Auta tas a gaban mutane, ta kwashe kayanta ta ce tela ba ita kaɗai ba ce a gari. Auta ta ɗauki ƙyallen da ya rage ta tsaya a ƙofar ɗakin duwatsu, domin an hana ta wuce nan.

"Yaya, dubi wannan."

"Ba na gani sosai, kin sani."

"To ka ji. Rabin ɗakin nan nake so. Rabi kawai. Ka matsa kantocin can bango, in sa keke ɗaya a bakin taga."

"Ba a motsa su. Katakon akwatunan ya tsufa."

"Ni ma na tsufa."

"Ke ana samun irinki a kowane layi," ya ce, bai ko ɗago ba. "Teloli nawa ne a titin nan? Wannan kuwa babu na biyunsa a duk kwarin. Ki sayi leda ki rufe tsummokaranki."

"Tsummokara? A ɗakin nan na wanke wa Baba kashi da fitsari. Ni na bi lungu-lungu ina nemansa. Kai kana ina? Kana can kana lasar dutse."

Sai a lokacin ya juyo, da fararen idanun nan nasa. "Kowa abin da ya iya aka ba shi, Auta. Ke shi kika iya."

Ta koma kan kekenta, ta kasa ko zura zare a allura. Ta yi tunanin ta kira masu amalanke su kwashe komai su watsa a bola. Amma ta san shi, zai bi ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, unguwa kuma ta ce ƙanwa ta ci zalin makaho. Ba asara take so ya yi ba, so take ya ji abin da ta ji. Kuma shi da bakinsa ya koya mata inda ciwon yake. Sau nawa ta ji yana faɗa wa baƙi cewa ba dutsen ne abin ba, wurin zamansa ne? Lambar zurfi a jikin 'yan katakai take, waɗanda aka soka tsakanin gunduwoyi, su duwatsun babu rubutu a jikinsu, kuma kaurinsu ɗaya, kowanne zai zauna a gurbin kowanne. Ita tela ce, ta san in ka ɗinka hannun dama a hagu, yadi bai ragu ba amma riga ta mutu.

Makullin ba wahala. Mazan gidan nan tun kaka da kakanni a saman ƙofar banɗaki suke ɓoye makulli, kowanne kuma yana ganin shi ya ƙago dabarar. Ranar da Yaya ya tafi asibitin ido ta buɗe ɗakin ta shiga. Sanyi ne ya fara dukanta, da iskar da ke shigowa ta taga, wadda a ganinta tata ce aka ƙwace. Ta jawo wani akwati daga ƙasa, ta zaro farin dutse mai katantanwa a gefe. Ta jawo wani daga sama, ta zaro ruwan ƙasa. Ta musanya musu wuri, suka zauna daram. Ta kulle, ta mayar da makulli, ta koma ta kunna rediyo. Rabon da ta ji daɗin ɗinki irin na ranar har ta manta.

Daga nan abin ya zama mata magani. Ya ce shayinta ruwan wanki ne, ta ajiye masa a rai har ranar asibiti, ta kai jan dutse cikin baƙaƙen. Ya kashe mata rediyo a gaban baƙi, ta ɗauke tokar tsaunin ta kai ta ƙarƙashin teku. Ba ta fasa ko ɗaya ba, ba ta fitar da ko ɗaya daga ɗakin ba. Ba ta kuma riƙe wanne ta kai ina ba, me za ta yi da shi?

An jima kafin ya lura, domin ba kullum yake buɗe kowane akwati ba. Wata la'asar ta fita shanya yadi, sai ta hango shi ta taga yana tsaye da dutse a hannu. Ya lasa, ya shafa ɗan katakon lamba, ya kai shi dab da ido. Ya mayar da dutsen, ya sake zaro shi, ya sake lasa. Daga baya ya zauna a kujera ya ɗora shi a cinya, ya daɗe bai motsa ba. Auta ta danne dariya ta ce a ranta, lasa da kyau, Yaya.

Bayan wannan sai surutunsa ya ragu. Mai karanta mita ya zo ya tafi lafiya ba a tsare shi ba. Yaya ya fara taɓa aljihunsa sau biyu kafin ya fita, ya dawo ya duba ko ya kulle ƙofar da ya riga ya kulle. Wata safiya ya tsaya a kanta tana yanka, ya yi ta gyaran murya kamar mai neman rance.

"Auta. Shi Baba, da me abin ya fara masa?"

Ta san abin da yake tambaya, ta kuma ga tsoro ƙiri-ƙiri a fuskarsa. Da ta so, kalma ɗaya ta isa. Amma maganar nan ta "ke shi kika iya" tana nan a maƙogwaronta ba ta wuce ba. Ta ci gaba da tura almakashi.

"Da ajiye abu inda ba wurinsa ba," ta ce. "Sai ya rantse ba shi ba ne. Da ka zauna ai da ka gani."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta san dalilin da ya sa ta zaɓi wannan gaskiyar. Ya juya ya tafi yana laluben bango.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ce ta fito, wadda Auta ta isa ta haifa, da takalman maza a ƙafa da ɗan gilashin duba dutse rataye a wuya. Ta gaishe da Auta da ladabi, ta ce ita malama ce a jami'a, sashen ilimin ƙasa, Malam mai duwatsu take nema.

"Ai kin kusa hutawa, Anti," ta ce tana dariya, da ta ga yadda kekunan suka matse a lungu. "In komai ya yi daidai, wata mai zuwa za mu turo babbar mota mu kwashe akwatunan nan mu kai ma'ajiyarmu. Malam ya daɗe yana bibiyarmu. Ya ce ƙanwarsa na bukatar ɗakin."

Almakashin ya kusa faɗo wa Auta a ƙafa. Ko da wasa bai taɓa gaya mata ba. Mugun tsoho, ya gwammace ya bar ta tana cin wuta da ya buɗe baki ya ce ta yi haƙuri, yana ƙoƙari. Haushi da tsoro suka haɗe mata wuri guda, ta bi malamar da Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, babu wanda ya kore ta.

Yaya ya sa rigarsa mai kyau. Ya fara daga ƙasa, daga dutsen asali, muryarsa ta dawo kamar ta dā. Malamar tana bin layi da yatsa tana gyaɗa kai, har tana cewa kai, Malam, wannan dukiya ce. A akwati na gaba yatsanta ya tsaya. Ta zaro dutse, ta lasa, ita ma ashe akuyar ce, ta duba da gilashi, ta mayar. Ta jawo wani akwatin, ta jawo wani. Dariyar ta bar fuskarta.

"Malam, ga katantanwar teku a saman yashin kogi. Nan kuma ga toka tun teku ba ta zo ba. Ko an taɓa zubar da akwatunan a hanya?"

"Ba a taɓa ba."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Ni kaɗai. Makulli a hannuna yake."

Auta ta kawar da kai a bakin ƙofa. Malamar ta dubi tsohon, ta dubi idanunsa, ta sassauta murya irin yadda ake yi wa marar lafiya, wanda ya fi zagi ciwo.

"Waɗanda launinsu ya bambanta zan iya ganewa, Malam. Amma in fari ya koma cikin fari daga wani zurfin, ba ni da yadda zan sani. Tunda wasu sun motsa, ba zan iya dogara da sauran ba. Ba zan iya sa ɗalibai su yi aiki a kansu ba. Ka yi haƙuri."

"Babu komai, 'yata," ya ce. "Kin yi aikinki."

Ya raka ta har mota. Da ta tafi bai dawo gida ba, ya miƙe bakin titi, sai ga shi da masu amalanke biyu. Ya nuna musu wawakeken ramin da ruwa ya ci a gaban gidan, wanda babura ke faɗawa kullum, ya ce su fara juye akwatunan a ciki.

Auta ta sha gabansu ta tare ƙofa da hannu biyu. "Babu wanda zai taɓa su. Yaya, ni ce. Ni na sassauya su. Duk ranar da ka tafi asibiti nake shiga."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ke?"

"Wallahi ni ce. Makullin yana saman ƙofar banɗaki."

Fuskarsa ta ƙara faɗawa. "Ashe har wurin makullin na gaya miki na manta."

"Ba ka gaya mini ba! Nan Baba ke ajiye nasa!"

"To zo." Ya kama hannunta da ƙarfi ya ja ta cikin ɗakin. "Tunda ke ce, nuna mini. Wanne kika ɗauka, ina kika kai shi? Mayar da guda ɗaya in gani."

Ta jawo akwati, ta jawo na kusa da shi. Farare, jajaye, baƙaƙe, sun yi layi suna kallonta. Ta ɗauki wani fari ta juya shi, ta gwada bakinsa da na maƙwabcinsa yadda take haɗa yanka da yanka, amma bakunan sun goge da shekaru, kowanne ya yi kama da ya dace, kowanne kuma bai dace ba. Ko shi ta taɓa? Ko na can ne?

"Ban riƙe ba," ta ce. "Amma ni ce."

"Kin gani? Ko ƙaryar ba ki iya tsarawa ba. Ke da ba ki san dutse da sabulu ba, ke ce za ki san a kai toka ƙarƙashin teku? Wannan aikin hannun wanda ya sani ne." Ya ɗaga hannayensa biyu yana dubansu. "Na ji ki da kunnena, zuwan da na yi. 'Ni ce na ɗauke hular, Baba, laifina ne.' Shi kin yi masa ya yi shiru. Ni ba za ki yi mini ba. Ban kai can ba tukuna, kuma ba na son tausayinki. Ba ɗaki kike so ba? Matsa ki ba mutane hanya."

Ta rantse, ta yi kuka, ta zage shi, ta ce girman kai ne zai kashe shi. Ya ce wannan dai ta iya. Masu amalanke suka gaji da jira suka raɓa ta gefenta. Har yamma ana jin ƙarar duwatsu na zuba a rami, maƙwabta suna fitowa suna sa wa Malam albarka da ya gyara musu hanya.

Yanzu kekunan Auta suna bakin babbar taga. Ta sa labule, ta kafa madubi mai tsayin mutum, mata suna zama a benci suna cewa kai, wuri ya yi kyau. Iska na shigowa yadda ta daɗe tana so. In ta ɗaga kai daga ɗinki, abin da take fara gani shi ne ramin da aka cike, fari da ja da baƙi a cakuɗe, tayoyi suna bi ta kai suna niƙa su. Ta sake gaya masa gaskiya ba sau ɗaya ba, har ta daina, domin duk faɗar da ta yi sai ya ƙara tabbata cewa lallashinsa ake yi.

Shi kuwa ya koma ɗakin baya. Ya miƙa mata makullan gidan gaba ɗaya. Ya daina kunna risho da kansa, ya daina gardama, ko shayin bai ƙara kushewa ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Ranar asibitin ido ta zagayo. Tana tsakiyar ɗinka wuyan riga ta ji tsayuwar mutum a ƙofa. Yaya ne, ya yi wanka ya sa hula, katin asibiti a hannu. Hanyar nan ya fi shekara yana bin ta shi kaɗai, miƙaƙƙiya ce, lanƙwasa ɗaya tak.

"Auta, tashi ki raka ni."

"Ka san hanya, Yaya. Lafiyarka ƙalau. Kanka ƙalau yake, wallahi."

"Baba ma ya san hanya," ya ce.

Ta ajiye rigar. Ta ɗaga ƙafa daga keken, ta yafa mayafi, ta kulle ɗakin. A bakin ƙofa ya laluba ya kama gefen mayafinta, daidai inda Baba ke kamawa. Suka taka ta kan duwatsun suka hau titi, bai ko dubi ƙasa ba.